HANKALI AMANA NE: ABIN DA MAI TAƁUWAR ƘWAƘWALWA KE JI A CIKIN KANSA, DA HUKUNCINSA A SHARI'A

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya girmama ɗan Adam da hankali, Ya kuma sanya shi sharaɗin ɗora wa bawa umurni da hani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata jarrabawa wadda ta shiga gidaje da dama a ƙasar Yawuri, tun daga Yelwa har Birnin Yawuri da Wara da Shanga da ƙauyukan bakin Tafkin Kainji, amma ake rufe ta saboda kunya, watau taɓuwar hankali. Jama'a ba su cika sanin mutum yana ɗauke da ita ba sai ranar da ya fara sambatu a kasuwa. Alhali kuwa tun kafin wannan rana, wani lokaci ma da shekaru, shi mai ciwon ya riga ya ji a cikin kansa cewa tunaninsa ya sauya, sai dai ya rasa kalmomin da zai faɗa da su, ko kuwa ya faɗa aka ce masa lalaci ne ko raunin imani. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To, wannan yoyon na cikin ɗaki shi za a yi bayani a kansa.

MATSAYIN HANKALI A SHARI'A

Malaman usulu, irin su Imam Gazali wanda ya rasu a 1111 da Imam Shaɗibi wanda ya rasu a 1388, sun lissafa abubuwa biyar waɗanda shari'a ta zo domin ta tsare su, su ne addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. A kan hankali ne aka gina wajabcin salla da azumi da ingancin ciniki da aure da saki. Sanannen hadisin nan da Abu Dawuda ya fitar ya sanya wanda hankalinsa ya gushe a sahu ɗaya da mai barci da ƙaramin yaro, watau ba a rubuta masa laifi sai ya dawo hayyacinsa.

Daga nan ne malaman fiƙihu suka raba gushewar hankali gida biyu. Akwai wadda suke kira muɗbiƙi, watau wadda ta lulluɓe mutum ba ta sakinsa, akwai kuma wadda take zuwa tana tafiya, mai ita ya farfaɗo ya zauna garau na wani lokaci. Kowace da hukuncinta. Kuma Musulmin farko sun ɗauki wannan lalura a matsayin ciwo mai neman magani. Asibitin da Ahmad bin Ɗulun ya gina a Masar wajen shekarar 872 yana da sashen masu taɓuwar hankali. Abu Zaidin al-Balhi, wanda ya rasu a 934, ya wallafa littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, inda ya yi magana a kan baƙin ciki da tsoro da waswasi da hanyoyin magance su.

CIWO BIYU DA AKE HAƊAWA DA SUNA ƊAYA

A bakin jama'a duk hauka ne. A wajen likitoci kuwa akwai manyan ciwace-ciwace biyu da suka bambanta, kuma likitan nan na Jamus, Emil Kraepelin, shi ya raba su a 1899.

Na farko shi ne ciwon wargajewar tunani, wanda Eugen Bleuler na Suwizalan ya raɗa wa suna sikizofiriniya a 1908. Mai shi yakan ji muryoyin da babu mai yin su, ya kafe a kan zaton da ba shi da tushe, kamar a ce ana farautarsa ko an sa masa guba a abinci, maganarsa ta riƙa warwatsewa, ya janye daga mutane. Yawanci yakan fara ne daga ƙarshen samartaka zuwa shekaru ashirin da wani abu, kuma yakan riga kama maza kafin mata. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu shi sun kai miliyan 24, watau kusan mutum ɗaya cikin 300.

Na biyu shi ne ciwon hawa da sauka, wanda likitoci ke kira baifola. Mai shi yakan shiga zangon zumuɗi na mako guda ko fiye, ya daina barci amma bai gaji ba, ya yi ta surutu, ya ɗauki kansa wani babba, ya yi ta ɓarnar dukiya. Sa'an nan a wani lokacin ya faɗa zangon baƙin ciki na makonni, ya kasa tashi, ya yanke ƙauna. Tsakanin zangunan biyu sau da yawa yakan koma harkokinsa. Hukumar ta ƙiyasta masu wannan ciwo sun kai miliyan 40 a 2019.

Mai karatu zai ga kama tsakanin wannan rabo da na malaman fiƙihu. Amma kada a ɗauka ɗaya ne. Akwai mai wargajewar tunani da yake shan magani ya yi shekaru yana sana'arsa lafiya lau, akwai kuma mai hawa da sauka da ciwon yake daɗewa a kansa. Shari'a tana duban halin da mutum yake ciki a lokacin da ya aikata abu, ba ta duban sunan da aka rubuta a katinsa na asibiti.

ABIN DA MAI CIWO KE JI TUN KAFIN A GANI

Tun daga shekarun 1960 wani likitan Jamus mai suna Gerd Huber ya duƙufa wajen sauraron abin da masu wargajewar tunani suke faɗa game da kansu. Ya gano akwai wasu ƙananan rikice-rikice na tunani waɗanda mai ciwon ne kaɗai yake jin su, kuma yana sane sarai cewa a cikin kansa matsalar take. Ya kira su alamomin tushe. A 1987 shi da abokan aikinsa suka fitar da jerin tambayoyin auna su, wanda aka sani da ma'aunin Bon. Ga wasu daga cikinsu, da misalai daga rayuwar bakin ruwa.

Akwai yankewar tunani. A misalta masunci yana cikin gaya wa ɗansa inda za a kafa mamari, sai tunanin ya ɗauke ɗif kamar an yanke igiya, ya tsaya kansa fayau. Akwai kutsen tunani, inda wani abu marar muhimmanci, wanda bai da alaƙa da abin da ake ciki, yake faɗowa cikin kai ya ɓata lissafi. Akwai cunkoson tunani, inda tunane-tunane barkatai suke tasowa a tare babu mai bin wani. Akwai kasa raba hankali biyu: wanda ya saba tuƙa kwalekwale yana hira da fasinja, yanzu in aka yi masa magana sai filafilin ya tsaya. Akwai wahalar fahimtar magana: yana jin huɗubar Juma'a da Hausar da aka haife shi a cikinta, kalmomin suna shiga kunne amma ma'anar tana makara. Akwai wahalar furta magana, kalmar da ya sani tun yana yaro ta ƙi zuwa. Akwai kasa gane karin magana, a ce masa ba a fafe gora ranar tafiya, ya tsaya yana tunanin gora da wuƙa. Akwai kuma jin kamar da shi ake: ya wuce masu awon albasa a kasuwar Yawuri suna dariya, ya ji kamar shi suke yi wa, amma nan take ya gane ba haka ba ne. Wannan ganewar ta nan take ita ce iyaka tsakanin alamar tushe da cikakken ciwo. Ranar da ya daina ganewa ya gaskata zaton, to ciwon ya bayyana.

Amfanin sanin waɗannan alamomi ya fito fili a wani bincike da Joachim Klosterkötter da abokan aikinsa suka yi a Jamus suka buga a 2001. Sun bi diddigin mutum 160 da aka kawo asibiti ana zaton ciwon yana tafe musu, har kusan shekara goma. Daga cikin 110 masu alamomin tushe, 77 ciwon wargajewar tunani ya bayyana gare su. Daga cikin 50 marasa alamomin kuwa, mutum 2 kacal. Sai dai a lura, waɗannan mutane ne da aka riga aka kai asibiti, saboda haka ba duk wanda ya taɓa mance kalma ne zai tsorata ba.

INDA CIWON BIYU SUKA BAMBANTA

Mai hawa da sauka shi ma yana kokawa da tunaninsa, amma kokensa yakan bi zangon da yake ciki. A zangon baƙin ciki yakan ce kansa ya yi nauyi, tunaninsa yana jan ciki, ba ya iya riƙe abin da aka faɗa masa, ba ya iya yanke shawara ko a kan ƙaramin abu. A zangon zumuɗi kuwa tunanin yana gudu, amma kowane tunani yana riƙe da wutsiyar na gabansa, daga kifi ya tafi jirgi, daga jirgi ya tafi Makka, kuma yana jin daɗin gudun, yana ganin basira ce ta ƙaru. Abu mafi muhimmanci, a duka zangunan biyu yana jin tunanin nasa ne.

Mai wargajewar tunani kuwa yakan kawo wani koke na daban. Yakan ce abubuwan da kowa ya ɗauka a sarari suke sun zame masa baƙi, har gaisuwa ma sai ya tsaya ya yi tunanin yadda ake yin ta. Yakan ce launuka ko sautuka sun sauya, ko fuskarsa a madubi kamar ba tasa ba, ko tunanin da ke kansa kamar ba shi ke yin sa ba. A 2003 Josef Parnas da abokan aikinsa na ƙasar Denmak suka gwada masu wargajewar tunani 21 da masu hawa da sauka 23 waɗanda ciwonsu ya lafa, da ma'aunin Bon. Sun tarar rukunin farko ya ɗara na biyu a fili wajen ruɗewar ma'anar abubuwa, da sauyawar gani da ji, da rikicewar jin kai. Amma a kan koken tunani zalla tazarar ba ta da yawa. Watau mantuwa da rashin natsuwa kaɗai ba su isa su raba ciwon biyu ba. Abin da ya fi raba su shi ne mutum ya ji ya zama baƙo ga kansa da duniyarsa.

Har wa yau akwai bambanci tsakanin abin da mai ciwo yake ji da abin da awon likita yake nunawa. In aka yi gwajin riƙe abu a ka da natsuwa da saurin aiki, raunin yakan fi tsanani ga masu wargajewar tunani, kuma sau da yawa ya fara tun suna makaranta. Masu hawa da sauka su ma ana samun sauran rauni ga wasunsu ko bayan ciwon ya lafa, amma bai cika kai na farkon ba. Kuma bincike da yawa sun nuna yawan koken mutum ya fi tafiya da zurfin baƙin cikinsa bisa ga sakamakon gwajinsa. Wani yana kuka da kansa ƙwarai alhali gwaji ya nuna da sauƙi, wani kuwa ya ce lafiyarsa ƙalau alhali raunin ya yi yawa. Saboda haka likita yana bukatar abu uku: maganar mai ciwo, da shaidar iyalinsa, da nasa awon.

Wajibi ne kuma a san cewa akwai wasu abubuwa da ke kawo irin wannan koke. Firgici da baƙin cikin rashi suna ɗauke natsuwa, kamar yadda aka gani ga iyalan da haɗarin jirgin ruwa na kusa da Wara ya shafa a watan Mayu na 2021, da iyayen ɗaliban da aka sace daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni na shekarar. Haka nan zazzaɓi mai tsanani, da farfaɗiya, da rashin barci. Wiwi da ƙwayoyi kuwa suna rikita tunani da kansu, kuma yawan shan wiwi yana ƙara haɗarin kamuwa da wargajewar tunani. Rarrabe waɗannan aikin likita ne.

HUKUNCE-HUKUNCE

Na farko, wanda yake jin waɗannan rikice-rikice amma yana rarrabe daidai da kuskure, mukallafi ne cikakke. Sallarsa da azuminsa da cinikinsa da aurensa duk sun inganta. Bai halatta a kira shi mahaukaci ba, ko a ƙwace masa jirginsa ko gonarsa da wannan hujja.

Na biyu, game da tunanin da ke kutsowa ba da son mutum ba, ko da mummuna ne, hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya tabbatar da cewa Allah Ya yafe wa wannan al'umma zancen zuci muddin ba a furta ko an aikata ba. Ya kamata a gaya wa mai ciwo wannan, domin da yawansu tsoron zunubi yana ƙara musu azaba a kan azaba.

Na uku, game da salla. Risala ta Ibn Abi Zaidin al-Ƙairawani da littafin Ahalari sun yi bayanin wanda kokanto ya aure shi, watau yake zo masa kullum. Hukuncinsa shi ne ya watsar da kokanton, kada ya kawo abin da ya yi kokanto a kansa, sai ya yi sujada ba'adi. Wannan sauƙi ne babba ga wanda ƙirgen raka'a yake kuɓuce masa, kuma bin jam'i a bayan liman ya fi masa sauƙi.

Na huɗu, idan hankali ya gushe gaba ɗaya, alwala ta warware, kuma sallar da lokacinta ya fita yana cikin wannan hali babu ramuwa a kansa. Azumi kuwa, mashahurin zance a mazhabar Maliku shi ne zai rama in ya warke, ko da shekaru ne, amma Shafi'iyya ba su ɗora masa ramuwa ba. Zakka tana nan a kan dukiyarsa, waliyyinsa ne zai fitar. Ɓarnar da ya yi wa wani kuwa, daga dukiyarsa za a biya.

Na biyar, saki da ciniki da kyauta da aka yi a lokacin gushewar hankali ba sa zartuwa, waɗanda aka yi a lokacin farfaɗowa kuwa suna zartuwa. Wannan ya fi shafar mai hawa da sauka, wanda a zangon zumuɗi zai iya sayar da injin jirginsa a wulaƙance ko ya furta saki. Kada 'yan'uwa su yanke hukunci a zaure. A kai maganar gaban alƙali, a nemi shaidar likita a kan halin da yake ciki a ranar. Wanda kuma ya san halin mutum ya saye kayansa a arha, ya ci dukiyar ɗan'uwansa da ɓarna.

Na shida, game da azumi da magani. Maganin litiyam, wanda John Cade na Ostireliya ya gano amfaninsa a 1949, ana ba masu hawa da sauka, kuma ƙarancin ruwa a jiki yana sa ya taru a jini har ya zama guba, alamarta rawar jiki da amai da gudawa da tangaɗi. Duk wanda ya san zafin bazarar Yawuri ya san wannan ba abin wasa ba ne. Rashin barci kuma yana tayar da zangon zumuɗi. Saboda haka a ga likita tun kafin Ramadan ya kama. In ya ce azumi zai cutar, to shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame ya sha ya rama. Daina shan magani ba da izinin likita ba yana daga manyan dalilan dawowar ciwo.

ABIN DA YA WAJABA A KAN IYALI

Idan saurayi ko budurwa suka zo da irin wannan koke, ya yi makonni bai tafi ba, ga janyewa daga mutane ko lalacewar karatu ko sana'a, sai a saurare su da mutunci, a rubuta abin da suka faɗa da lokacin da ya fara, a nufi asibiti. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma likitoci sun tabbatar cewa gwargwadon jinkirin fara magani bayan bayyanar ciwo, gwargwadon wahalar samun sauƙi. A fara da babban asibiti mafi kusa, a nemi takardar tura marar lafiya zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato, ko wanda ke Kaduna. Tafiyar tana da nisa ga mutumin Shanga ko na tsibiri, amma sayar da dabba ɗaya yau ya fi asarar ɗa gaba ɗaya gobe. In kuwa mai ciwo ya fara maganar kashe kansa, to kada a bar shi shi kaɗai, kada a bar shi ya shiga ruwa, kuma kada a jira gari ya waye.

Addu'a da ruƙya ta shari'a alheri ne, kuma ba su hana shan magani, domin Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya yi umurni da neman magani. Abin da shari'a ba ta yarda da shi ba shi ne duka, da sanya marar lafiya a turu ko a mari, da hana shi abinci da sunan korar iska ko aljanin ruwa, da kai shi wurin boka. Jama'a ba su manta da ɗaruruwan mutanen da 'yan sanda suka fitar cikin sarƙoƙi daga wasu gidajen mari a jihohin Kaduna da Katsina a 2019 ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu na 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙin marar lafiya na a kula da shi cikin mutunci. Tun a 1954 ma Farfesa Adeoye Lambo ya nuna a ƙauyen Aro, kusa da Abeokuta, cewa marar lafiyar da yake zaune tare da ɗan'uwansa cikin jama'a, yana zuwa asibiti da rana, yana samun sauƙi ba tare da an kulle shi ba.

Limamai da malaman zaure da na Islamiyya su ne sukan fara jin irin wannan koke, domin wurinsu ake fara zuwa neman tofi. Nauyi ne a kansu su yi wa mai ciwo addu'a, su kwantar masa da hankali da hukunce-hukuncen da aka ambata, su rufa masa asiri, sa'an nan su ce wa iyalinsa su kai shi asibiti.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, Ya tsare wa al'ummar Musulmi hankulansu da imaninsu. Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.